Man Rilaksa: Daga Ina Ya Fito, Me Ya Sa Yake Cin Gashin 'Ya'yanmu?

A wannan fili an saba kawo tarihin fataken goro da na shanu, da masu gidajen baƙi da malaman da suka raya unguwar nan tun kafa ta a 1916. Wannan karon tarihin wani ɗan ƙaramin kaya muka ɗauko, wanda da wuya a sami gida a Sabon Ibadan da bai taɓa shiga ba, wato man miƙar da gashi da mata ke kira rilaksa. Wani zai ce, ina ruwan maza da gashin mata? To ai maza ne ke sayar da shi a shago, maza ne ke sa shi cikin lefe, kuma tambayoyin wanka da na ƙarin gashi da yake jawowa a zauren malamai suke ƙarewa. Ga kuma 'ya'yanmu, wasu ko ashirin ba su kai ba, goshi ya zame, ƙeya ta cinye, ana ta rufewa da ɗankwali. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya bi sawun man nan zai ga cewa kayan ya iso mana, amma ilimin aiki da shi ya maƙale a hanya.

Yadda iyayenmu suka riƙe gashi

Iyayenmu mata da suka zauna unguwar nan sun zo da sana'ar kitsonsu daga gida. Matan aure suna kulle, don haka makitsiya ce ke shiga gida, ko kishiya ta yi wa kishiya, ko uwa ta yi wa 'ya. Ana yin shuku, da zane, da kalaba, tsofaffi kuma suna ba da labarin ɗoka, wadda ake cusa wa tsumma ta tashi a tsakar ka. In kitso ya tsufa a tsefe, a wanke da karkashi da 'yar kanwa ko sabulun salo, a shafe da man shanu. Zaman kurmi ya ƙara musu wasu abubuwan. Ga alayyadi da man kwakwa a araha, ga man kaɗanya da Yarbawa ke kira ori. Daga maƙwabta kuma suka ƙware a kitson zare, wanda ke miƙar da gashi ba wuta ba magani. Har sunan kitso ma muna tarayya da su: mu ce shuku, su ce suku.

Wani mai ɗaukar hoto, J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya yi aiki a nan Ibadan a farkon sana'arsa, ya fara bin mata yana ɗaukar hoton kitsonsu tun daga 1968, har ya tara hotuna kusan 1,000. Ya hango cewa zamani zai shafe wasu daga cikin kitsen nan, kuma haka aka yi.

Asalinsa a Amurka

Shi kuwa rilaksa ba a ƙasar nan aka haife shi ba. Asalinsa yana wajen Baƙaƙen Amurka, jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka. An soke bauta a can a 1865, amma wulaƙanci bai tafi ba. Mai gashi a kwance kamar na Bature ya fi saurin samun aiki, mai gashi irin namu a raina shi. Wannan matsin shi ya buɗe kasuwar miƙar da gashi. Da farko matajin ƙarfe ake ɗorawa a wuta, a shafa mai, a taje. Wata mata da ake kira Madam C. J. Walker, wadda ta rasu a 1919, ta yi arziki mai yawa da sayar da man gashi da koya wa dubban mata wannan sana'a. Sai dai aikin mataji ba ya jure ruwa. Da ruwa ko gumi ya taɓa, gashi ya koma gidan jiya.

Sai wani mai gyaran keken ɗinki a birnin Kilibilan, Garrett Morgan, ya zo da sabon abu. Ana ba da labari cewa yana neman ruwan maganin da zai hana allurar keke ƙona yadin ulu, sai ya goge hannunsa a wani ƙyalle mai gashi, ya ga gashin ya miƙe. A 1913 ya kafa kamfanin sayar da man. Ku lura da kyau: tun ran farko ba a ɗakin likita aka haɗa abin nan ba, a shagon teloli ya ɓullo.

Talakawan da ba su da kuɗin na kwalba sai suka riƙa haɗa nasu a gida. Malcolm X, wanda bayan ya yi Hajji aka san shi da Alhaji Malik Shabazz, ya faɗa a littafin tarihin rayuwarsa yadda aka yi masa yana saurayi a birnin Boston. An kwaɓa kostik soda da ƙwai da dankalin Turawa, aka laɓta masa a ka, ya ji kamar kansa ya kama da wuta, amma ya daure don a ce gashinsa ya kwanta. Daga baya ya ɗauki wannan a matsayin raina halittar da Allah Ya yi masa. Mutumin nan fa ya taka garin nan. A watan Mayu na 1964, yana dawowa daga Makka, ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan, ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida. Shi ya yar da abin ya huta, bayan 'yan shekaru kuma abin ya biyo sawunsa zuwa kasuwanninmu a cikin kwalabe masu ƙyalli.

Wanda ya mai da shi babbar sana'a shi ne George Johnson na birnin Shikago. A 1954 ya kafa kamfani ya fito da na maza, a 1957 ya fito da na mata mai suna Ultra Sheen. Da ƙorafin ƙuna ya yi yawa, a tsakiyar shekarun 1970 hukumar kula da kasuwanci ta gwamnatin Amurka ta tilasta masa rubuta gargaɗi a jikin kayansa. A ƙarshen shekarun 1970 kuma aka fito da irin wanda ake haɗa ruwa da kirim kafin a shafa, ana tallarsa da cewa ba soda a ciki, kamar Dark and Lovely. Ya fi sauƙin zafi a fata, gaskiya ne, amma aikinsa a kan gashi ɗaya ne da na soda, kuma yana barin ɓurɓushin farar ƙasa da ke busar da gashi.

Abin da man ke yi wa gashi

Mu 'yan Sabo jikokin masu shanu ne, mun san jima. In majemi zai cire gashi daga fata, a ruwan toka mai kaifi ko farar ƙasa yake jiƙa ta, gashin ya ruɓe ya saɓule. To rilaksa ɗan gidan su wannan ruwan ne. Asalin sinadarinsa kostik soda ce, wadda ake sabulun soda da ita. Masana suna da ma'aunin kaifi da ake kira pH. Ruwan sha yana kan 7, gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 da 5.5, rilaksa kuwa daga 12 yake tashi, wani har 14, ƙarshen ma'aunin ke nan.

A cikin kowane silin gashi akwai wasu ƙulle-ƙulle na farar wuta, su ne ke ba da ƙaurin nan da muke ji a wajen babbakar kai da ƙafa. Ƙullin nan su ke riƙe da lanƙwasar gashi, su ne kuma ƙarfinsa. Rilaksa yana shiga ya tsinka su, gashi ya saki ya kwanta. Abin da ya tsinke ba ya komawa yadda yake, ko da wane irin mai aka shafa. Ke nan miƙewar da raunin tare suke zuwa, ba a raba su. Bambancin mai gyaran gashi da majemi a lokaci yake kawai: ita tana wankewa kafin gashi ya saɓule.

Yadda ya shigo Sabo

A 1959 aka buɗe gidan talabijin a Ibadan, tallace-tallace da hotunan mujallu suka fara nuna wa mata wani irin kyau. Matan boko suka kama matajin wuta da hular gashi. Amma kun san laimar garin nan, in damina ta kama aikin mataji ba ya kwana. Da kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, kayan waje suka cika Dugbe da Agbeni, sai shagunan gyaran gashi suka yi ta buɗewa. A shekarun 1980 har samari sun shiga yayin jerikol.

Gidajenmu bai shiga ta ƙofar shagon gyaran gashi ba, domin matar aure ba za ta buɗe kai a bakin titi ba. Ta hannun dillaliya ya shiga, da 'yan mata masu zuwa makarantar boko, da amaren da ake kawowa daga Kano da Legas. Finafinan Indiya, sannan na Hausa daga shekarun 1990, suka ƙara wa wutar mai, kowace yarinya tana son gashi ya zubo kafaɗa. A nan aka yi asarar ilimin. Ƙawa ce ke shafa wa ƙawa a tsakar gida, ba agogo, ba safar hannu. Takardar bayani da Turanci take, da ƙananan baƙaƙe, ita ake fara yarwa.

Sai kuma tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira. Kayan waje suka yi tsada, jabu ya cika kasuwa, aka shiga sayar da man a manyan robobi, ana ɗiba da cokali a ƙulla a leda. Sabulun musamman da ke kashe kaifin man, wanda ke zuwa cikin kwali, ya ɓace daga cinikin gaba ɗaya. Sai a 1993 aka kafa hukumar NAFDAC, kuma sai zamanin Dora Akunyili, daga 2001, mutane suka koyi duba lamba a jikin kaya. Kafin nan an riga an saba da mugun aiki, har ana cewa in kai bai yi zafi ba man bai ci ba.

Abin da bincike ya nuna

Can Amurka ma ba su tsira ba. A 1994 aka yi ta tallar wani man mai suna Rio a talabijin, wai na gargajiya ne, ba kemikal a ciki. Mutum fiye da 3,000 suka kai ƙara wa hukumar abinci da magunguna, wasu gashi ya zube, wasu ya koma kore, a 1995 aka kwashe shi daga kasuwa. Duk kwalbar da ta ce muku ganye ne zalla amma tana miƙar da gashi cikin minti 15, ku tuna da wannan.

A Afirka ta Kudu, wata likitar fata, Farfesa Nonhlanhla Khumalo, ta duba kawunan mata da 'yan makaranta a birnin Keftawun. A sakamakon da ta fitar a 2007, kusan kashi ɗaya cikin uku na manyan matan suna da zamewar goshi irin wadda jan gashi ke kawowa. Ta kuma gano cewa haɗarin ya fi yawa in aka yi kitso mai tsauri a kan gashin da ya sha rilaksa. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake yi a gidajenmu ranar jajibirin Sallah.

A watan Oktoba na 2022 kuma masu bincike na cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka suka fitar da sakamakon bin mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11. Sun ƙiyasta cewa cikin waɗanda ba sa amfani da man miƙar da gashi, kashi 1.64 cikin ɗari za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70. Cikin masu shafawa fiye da sau huɗu a shekara kuwa, kashi 4.05 ne. Su da kansu sun ce alaƙa suka gani, ba su yanke cewa man ne sanadi ba. Duk da haka, mai hankali in ya ji wannan zai rage yawan shafawa, ya kuma kiyayi sa shi a kan da ke da rauni.

Ga wadda ta riga ta shiga

Iyayenmu da ƙannenmu da suka riga suka saba, ga abin da shekara fiye da 100 ta koyar.

Gashi irin namu bai cika wuce santimita 1 a wata ba. Inda sabon tofo mai tauri ya haɗu da tsohon gashi mai laushi akwai gaɓa, kuma a wannan gaɓar gashi ke karyewa. Mace na ganin gashi a mataji sai ta ce lokacin ritocin ya yi, ta sake laɓtawa bayan mako huɗu. Tofon bai kai a raba shi da tsohon ba, man ya sake hawa inda ya riga ya ci, gaɓar ta ƙara rauni. Garin neman gira a rasa ido. Mafi ƙarancin jira mako 8 ne, 10 zuwa 12 ya fi. Ga ma'auni mai sauƙi: daga Ƙaramar Sallah zuwa Babba kusan mako 10 ne. Wadda ta shafa a wannan Sallar, kada man ya sake ganin kanta sai waccan.

Ranar shafawa, a tabbata an tsefe kitso tun kwana biyar ko mako guda kafin nan, ba susa, ba wanki da ƙarfi. A shafe fatar kai da goshi da kunnuwa da basilin, a shafe tsohon gashin ma da mai, man ya tsaya kan tofo kaɗai. A ajiye agogo, a bi mintocin da ke takarda. Zafi ƙuna ne, da an ji shi a wanke. A ɗauraye da ruwa mai yawa, sannan a wanke da sabulun da ke kashe kaifin, sau biyu ko uku. Wani irinsa kumfarsa kan yi ruwan hoda muddin da sauran man a kai, sai ta koma fara an gama. Sabulun wanki ko omo ba sa wannan aikin, su ma masu kaifi ne. Kada a haɗa da rini a rana ɗaya, kuma a bar kai ya huta mako biyu kafin kitso.

Tsakanin ritocin da ritocin, a wanke sau ɗaya a mako, a sa kwandishina ya jima. Da yatsu ake fara warware gashi, sannan mataji mai faɗin haƙori, daga baki zuwa gindi, yana da ɗan danshi da santsi. Mai shi kaɗai ba ya jiƙa gashi, laima yake tsarewa, don haka a ɗan yayyafa ruwa tukuna kafin a bi da man kaɗanya ko na kwakwa, balle lokacin hunturu. A nisanci matajin wuta. Kitso ya zama manya, sakwa-sakwa. Duk kitson da ya hana barci ko ya fito da ƙuraje a goshi, a kwance shi, ko nawa aka biya. Bakin da ya tsage a datse. Tun da matanmu kullum kai a rufe yake, a bari ya bushe kafin a ɗaura, a sa hula mai santsi a ƙarƙashin ɗankwalin atamfa, a riƙa sauya wajen ƙulli don ƙeya ta huta.

A kuma bambanta karyewa da zubewa. Silin da ya fito da ɗan farin kai a gindinsa daga saiwa ya faɗo, irin wanda ake gani 'yan watanni bayan haihuwa ko in jini ya yi ƙaranci. Guntaye marasa kai su ne karyewa. In sanƙo ya fara a tsakar ka, ko ƙuna ta ƙi warkewa, a je wajen likitan fata tun saiwa ba ta mutu ba. Kada a yi kitso da ƙwarƙwata. Yara ƙanana kuwa a ƙyale su. Fatar kansu ba ta yi ƙwari ba, kuma ba su suka zaɓa ba.

Ta fuskar addini

Malamai da yawa ba su hana mace gyara gashi don mijinta ba, muddin babu cuta. Amma shari'a ta hana mutum cutar da kansa ko waninsa, kuma hadisi ya umarci mai gashi ya girmama shi. Abubuwa biyu ke damun mu. Na farko wanka. Mun karanta a Ishmawi cewa tsettsefe gashi yana cikin farillan wanka, Risala kuma ta sauƙaƙa wa mace, ba sai ta kwance kitso ba in ruwa zai ratsa. Sauƙin ya tsaya nan. Jinkirta wankan janaba ko na haila har sallah ta wuce don kada gyaran gashi ya lalace, wannan ba shi da mafaka. Na biyu ƙarin gashi. In rilaksa ya cinye goshi, sai a koma ga atach don rufe ɓarna, nauyinsa ya ƙarasa abin da ya rage. Hanin yana cikin Buhari da Muslim, kuma a kan wata amarya da ciwo ya zubar wa gashi aka yi tambayar, ba a ba da izini ba.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, mu sayar da cikakken kwali da sabulunsa, mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, wanda ake ƙullawa a leda mu bar shi. Araha ba ta ado. Magidanta kuma, wani lokaci kalma ɗaya ta raini daga bakin miji ita ke tura mace ga robar man nan kafin lokaci. Wadda ta zaɓi ta aske ta koma ga kitson zare da man kaɗanya, a ƙarfafa mata gwiwa, makitsan unguwar nan suna nan ba su ƙare ba. Masu karatu a cikin 'ya'yanmu su karanta wa iyaye wannan shafi tun kafin Sallah ta matso.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.